Daga Tsani Zuwa Gora: Tarihin Ƙashin Bayan Mota

Akwai wata magana da kusan kowa ya taɓa ji a tashar mota ko a garejin makanikai, cewa motocin da su ne motoci, na yanzu kuwa gwangwani ne kawai aka shafa wa fenti. Mai wannan magana yakan ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar mota ya ce a saurari amon ƙarfe, sa'an nan ya danna gefen sabuwa da babban yatsa ya nuna yadda take lotsawa. Direbobi suna faɗinta, dillalai suna faɗinta, kai har a ɗakin shan shayin malamai akan ji ta. A wannan maƙala za mu bi tarihin yadda aka riƙa ƙera jikin mota tun farkonta, don mu ga inda maganar nan ta faɗi daidai da kuma inda ta saki hanya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwa uku da akan cakuɗa su wuri guda, wato kauri da ƙarfi da tsauri. Kauri kowa ya san shi, shi ne yatsa yake ji in ya danna ƙofa. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da abu zai jure kafin ya karye ko ya lanƙwashe har abada. Tsauri kuwa, a yadda za mu yi amfani da kalmar a nan, shi ne ƙin murɗuwa da ƙin tanƙwaruwa tun ba a kai ga karyewa ba. Bulalar dorina tana da ƙarfi, da wuya a tsinka ta, amma ba ta da tsauri ko kaɗan. Idan aka kwantar da tsani a ƙasa, wani ya danne kansa, wani ya kama gindinsa ya juya, zai murɗe cikin sauƙi ko da da azara aka yi shi. To, a gwada haka da gora. Ɓawonta bai kai kaurin ɗan yatsa ba, amma ba za ta murɗu ba, sai dai ta fashe. Sirrin yana ga siffa, domin gora rufaffiya ce, duk inda aka matsa ta nauyin yakan bazu ko'ina a jikinta.

Mota ta gaji jikinta ne daga keken dokin Turai. A shekarun da suka biyo bayan fitowar motar Karl Benz mai ƙafa uku a Jamus a 1886, aikin ƙera mota ya rabu gida biyu. Masu inji su ne suke ƙera shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa su da gajeru a tsakani kamar tsani, su ɗora masa inji da giya da tayoyi. Daga nan sai a miƙa wa kafintocin keken doki su gina ɗakin katako a kai, su lulluɓe shi da fallen ƙarfe ko fata. Attajiri yakan sayi shasi a wannan kamfani, ya kai wa wancan a yi masa bodi yadda ransa yake so, kamar mai sayen yadi ya kai wa tela. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka aka riƙa kawo shasin Bedford da na Mercedes 911 tsirara, kafintocinmu su yi musu bodin katako, a zana musu zaki da dawisu, su shiga jigilar gyaɗa da goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu.

Maƙeran farko sun san tsani yana murɗewa, kuma wanda ya fi su wayo bai tsaya yaƙi da wannan hali ba. Motar Henry Ford da ake kira Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, an yi ta ne don hanyoyin ƙauyukan Amurka na wancan zamani, waɗanda da damina taɓo ne, da rani kuwa ramuka da gargada. Ford ya yi amfani da ƙarfen da aka gauraya da sinadarin banadiyam, mai ƙarfi da rashin nauyi, ya bar shasin ya riƙa murɗewa yana komawa yadda yake. Injin kuma a wuri uku kaɗai aka ɗaure shi. Duk matar da ta taɓa girki a murhu ta san hikimar da ke cikin wannan: tukunya a kan duwatsu uku ba ta rawa, komai rashin daidaiton ƙasa. Saboda haka shasi ya yi ta murɗarsa, inji yana zaune lafiya. Motar ba ta wuce gudun kilomita 70 a awa ba, don haka abin ya wadatar.

Amma wanda yake shan wahalar murɗar nan shi ne ɗakin da aka ɗora a sama. Muddin mota buɗaɗɗiya ce da rumfar tamfol, babu wata damuwa sosai. Da aka shiga shekarun 1920, jama'a suka fara son mota rufaffiya mai ƙofofi da gilashi, sai matsala ta fito fili. Katako ya riƙa kuka a kowace gaɓa, fenti yana tsagewa, ƙofa tana buɗe kanta a kan gargada. Mutum biyu suka kawo magani iri biyu masu karo da juna. Na farko shi ne Charles Weymann, wani matuƙin jirgin sama da ya yi sana'arsa a Faransa. Shi ra'ayinsa, tun da shasi yana murɗewa, to bodi ma a bar shi ya murɗe. Sai ya daina sassaƙa katako yana cusa wani cikin wani, ya riƙa haɗa su da 'yan ƙarafa yana barin ɗan rata don kada su gogi juna, ya lulluɓe duka da ƙyalle mai kama da fata. Bodin ya yi shiru, ga rashin nauyi, har manyan motoci irin su Rolls-Royce da Bentley suka sa shi. Sai dai ƙyalle yana yagewa, yana ruɓewa, kuma ba ya ƙyalli, masu saye kuwa ƙyalli suke so. Kafin tsakiyar shekarun 1930 yayinsa ya wuce.

Na biyu shi ne Edward Budd na birnin Filadelfiya a Amurka, wanda ya kafa kamfaninsa a 1912. Budd ya watsar da katako ɗungum. Ya sa manyan injuna suna danna fallen ƙarfe su fitar da siffar da ake so, sa'an nan a haɗa su da walda. Kamfanin Dodge ya fara sayen irin wannan bodi tun 1914. Rufin mota ne ya daɗe bai samu ba, domin tsakiyarsa ƙyalle ne aka riƙa shimfiɗawa a kan katako, har sai 1935 da kamfanin General Motors ya fito da rufin ƙarfe falle guda. Da aka rufe saman nan, bodi ya zama akwati rufaffe, akwatin kuwa ya fi tsanin da yake ɗauke da shi tsauri. Daga nan tambaya ta zama dole: in ɗan da aka goya ya fi uwar ƙwari, me ya sa za a ci gaba da goyon?

Wani Ba'italiye mai suna Vincenzo Lancia ya riga ya amsa wannan tambaya tun 1922, da motarsa Lambda. An ce jikin jirgin ruwa ne ya ba shi dabarar. Motar ba ta da shasi daban. Gefunanta masu zurfi ne, an haɗa su da bangon da ke bayan inji da mazaunin kujeru, duka suka zama abu guda mai ɗaukar nauyin kansa. Faransawa suna kiran irin wannan gini da wata kalma mai ma'anar "ɓawo ɗaya", mu kuwa a nan za mu kira shi ƙirar gora. Lambda tana da wani sabon abu kuma, wato kowace tayar gaba tana hawa da sauka ita kaɗai, ba sanda guda ce ta haɗa su ba. Waɗannan abubuwa biyu tare suke tafiya, kuma a nan ne ainihin amfanin tsauri yake.

Ga bayanin. Aikin sifirin da shokazoba shi ne su shanye ramin hanya, su kuma danne taya ta zauna a ƙasa. Ba za su iya wannan aiki ba sai abin da aka ɗaure su a jikinsa ya tsaya cik. In shasi ma yana murɗewa, ya zama wani sifirin ke nan na biyar wanda ba shi da shokazoba, ba kuma wanda ya auna shi. Kamar mai daka ce ta ɗora turmi a kan katifa, rabin ƙarfin taɓarya a banza yake tafiya. Da motoci suka ƙara gudu, aka sa musu birki a gaba da tayoyi masu fāɗi, sai direbobi suka fara fama da wata irin karkarwa da takan kama tayoyin gaba har sitiyari ya nemi ƙwacewa. Wannan ya sa a shekarun 1930 kamfanonin da ba su bar tsani ba suka shiga yi masa kwaskwarima, suna gicciya ƙarafa a tsakiyarsa, suna rufe dogayen ƙarafan su zama kamar bututu.

Wanda ya kai ƙirar gora kasuwar talakawa shi ne André Citroën na Faransa, da motarsa Traction Avant ta 1934, kuma da taimakon fasahar Budd ya yi. Motar ta fi takwarorinta kusa da ƙasa, ta fi su riƙe hanya. Amma kuɗin da aka zuba a sabuwar masana'anta da injunan danna ƙarfe ya karya kamfanin. A watan Disamba na 1934 ya faɗa hannun masu bin bashi, kamfanin taya na Michelin ya karɓe shi, Citroën kansa ya mutu a watan Yuli na 1935 bai ga ribar abin da ya shuka ba. Ita kuwa motar an yi ta ƙera ta har 1957, wajen guda 760,000. A ganina wannan labari ya fi kowane nuna tsadar gora. Tsani kowane maƙeri zai iya haɗa shi, amma gora sai mai jarin da zai buga dubu ɗaruruwa iri ɗaya. Abin da ya kashe kasuwar ƙananan masu ƙera bodi a Turai ke nan. Jama'a ma ba su yarda da sabon ginin nan da nan ba, har ta kai kamfanin Chrysler ya turo motarsa Airflow daga kan dutse a gaban masu ɗaukar hoto, aka shiga aka tuƙa ta, don dai a gamsar da masu shakka cewa jikin ƙarfe da aka haɗa da shasi yana da ƙwari.

Opel ta bi sahu a Jamus a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk Turai ta koma gora, Peugeot 203 da Morris Minor duk a 1948 suka fito. Amurkawa su ne suka daɗe a kan tsani, saboda man fetur yana da araha, nauyi bai dame su ba, kuma sauya fasalin bodi kowace shekara ya fi sauƙi in shasi daban yake. Ford Crown Victoria, motar 'yan sandansu da 'yan tasi, a kan tsani take har aka daina ƙera ta a 2011.

A nan akwai wani abin dariya. Motocin da dattawanmu suka fi yi wa kirari, wato Peugeot 404 ta 1960 da 504 ta 1968, waɗanda muke ce wa Fijo, su ma ƙirar gora ne. Masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa Peugeot a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas. Abin da ya ba 504 suna a hanyoyinmu shi ne jiki mai tsauri gwargwadon zamaninta, da ƙafa mai taushi wadda take da doguwar tazarar hawa da sauka. Jiki ya tsaya, ƙafa ta yi aikinta. Da wannan hali 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta ci a 1975. Don haka mai cewa ƙarfin motar da yana ga shasinta, in Fijo yake nufi, sai ya leƙa ƙarƙashinta ya nemo mana tsanin.

Ya zuwa nan maganar tuƙi da jin daɗin zama muke yi. Wanda ya mai da ita maganar rai shi ne Béla Barényi, injiniyan kamfanin Mercedes-Benz, wanda aka ba takardar mallakar fasaharsa a 1952. Kafin shi, abin da kowa ya ɗauka shi ne motar da ba ta lotsa ba ita ce ta tsare mutanenta. Barényi ya ce a raba jikin mota uku. Ɗakin fasinja na tsakiya a yi shi da matuƙar tsauri da ƙarfi, gaba da baya kuwa a yi su yadda za su tattare da gangan in an yi karo. Wanda ya taɓa kallon masu lodin kankana ya ga wannan dabara. Mai cafewa yakan janye hannuwansa baya tare da kankanar, da ya tsai da su ƙyam sai ta fashe. Motar da ta tsaya cikin taƙi guda ta miƙa wa fasinja dukkan bugun. Wadda gabanta ya tattare kamu guda ko fiye ta ba jikinsa lokaci. Mercedes ta fito da motar farko mai cikakken wannan tsari a 1959, shekarar da Volvo ta fara sa bel mai maɗauri uku.

A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai binciken haɗurran mota ta yi gwajin da ya kamata a nuna a kowace tasha. Ta ɗauko Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwa mai kaurin ƙarfe, da Chevrolet Malibu ta 2009, ta gwara su gaba da gaba ta ɓangaren direba, kowace tana gudun kilomita 64 a awa. Gaban sabuwar ya ragargaje, amma ɗakin fasinja bai motsa ba, mutum-mutumin da ke mazaunin direba ya nuna ɗan rauni a ƙafa kawai. Tsohuwar kuwa ɗakinta ne ya rufta, ginshiƙin gaba ya naɗe, sitiyari ya taso ya sami kan mutum-mutumin. Wasu sun ce ai shekara 50 ta cinye ƙarfen. Amma ƙirar kanta ta isa bayani, domin shasin Bel Air gicciye yake a tsakiya, babu dogon ƙarfe a gefe inda direba yake zaune, bodin kuma ɗora shi kawai aka yi.

To, yaya aka yi motar yau ta fi tsauri alhali fatarta ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba? Amsar ita ce fatar da ake dannawa da yatsa riga ce kawai. Ƙashin yana ciki: ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, dokin ƙofa, bakin rufi, da ƙarafan da suka ratsa daɓe, kowanne an naɗe shi rufaffe. Kwamfuta ce take lissafa inda nauyi zai bi tun ba a yanka ƙarfe ba. Ana haɗa su da ɗigon walda dubbai, a ƙara da gam mai tsawon mitoci. Gilashin gaba ma, wanda a da roba ce take riƙe da shi, yanzu manna shi ake yi ya zama bango. A ginshiƙai kuma ana sa ƙarfe mai sinadarin boron da ake dannawa da zafi, wanda ya ninka ƙarfen da wajen sau huɗu ko biyar a ƙarfi. Sai dai a lura, irin wannan ƙarfe ƙarfi yake ƙarawa, tsauri kuwa daga siffa da haɗi yake zuwa. Shi ya sa motar da aka yanke wa rufi, wato gora ta koma ƙwarya, sai an ƙara mata ƙarafa a ƙasa, ta fi 'yar'uwarta nauyi, duk da haka takan yi rawa a kan gargada.

Injiniyoyi suna auna tsauri ta hanyar danne bayan mota su murɗa gabanta, su ga ƙarfin da ake bukata kafin ta juya digiri ɗaya. Land Rover Defender ta daɗe a kan tsani har aka daina tsohuwar a 2016. Sabuwar da ta shigo kasuwa a 2020 gora ce ta alminiyam, kuma masu ita sun ce tana bukatar mita-nutan 29,000 kafin ta murɗe digiri ɗaya, wato ninki uku na ƙirar tsani a lissafinsu. Wanda ba shi da na'ura yana da nasa gwajin: a ɗora taya ɗaya ta tsohuwar mota a kan dutse, a buɗe ƙofa, a ga ko za ta rufu daidai.

Duk da haka dattawa ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma inda suke da gaskiya shi ne wajen gyara. Tsani in ya lanƙwashe a ja shi a miƙe. Ƙarfe mai kauri da taushi yana jin guduma, mai gyaran bodi ya buga ya fitar da shi kamar ba a yi ba. Gora ba haka take ba. Tsatsa in ta ci dokin ƙofa, ƙashin motar ta ci. Ƙarfen boron in aka sa masa wuta ya rasa ƙarfin da aka ba shi a masana'anta, ko da ido bai ga bambanci ba. Motar da ta yi mummunan haɗari a waje aka shigo da ita, aka ja ta da sarƙa, aka gasa ginshiƙanta, ko aka yanka biyu aka haɗa gaban wannan da bayan waccan, za ta yi ƙyalli a wurin dillali, ta kuma yi tafiya lafiya. Gyartai ma yana ɗinke ƙwarya ta ci gaba da auna hatsi, amma kowa ya san inda za ta sake fashewa ranar da ta faɗi. Wannan haɗari ne da motar da ba ta san shi ba, kuma mu da muke sayen na hannu mu ne a bakinsa.

Shi ma tsani bai mutu ba. Manyan motocin kaya har yau a kansa suke, kuma da gangan ake barin shasinsu ya murɗe, don tayoyi su zauna a ƙasa in an shiga kwazazzabo da kaya tan talatin. Shi ya sa ake haɗa ƙarafansu da ƙusoshi da notuna, masu ƙera su kuma suke gargaɗin kada a yi walda ko huji a leɓen shasi. Bodin katakon kafintocinmu ya dace da wannan hali, domin shi ma yana bin murɗar, kamar dai na Weymann. Toyota Hilux da Land Cruiser ma tsani ne, saboda ɗaukar kaya da jan nauyi da sauƙin gyara a daji.

Sai dai tsani mai kauri ba ya nufin ɗakin da ke kansa yana da ƙwari. A 2018 ƙungiyar Global NCAP, mai gwajin karon motoci, tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu, sun gwada a-kori-kurar Nissan NP300 wadda ake sayarwa a Afirka a lokacin da laƙabin Hardbody, wato mai taurin jiki. Ba ta sami tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2020 suka gwara sabuwarta fil da Nissan Navara ta 2015, ta hannu, wadda aka ƙera don kasuwar Turai. Duka biyun kamfani ɗaya ne, duka biyun a kan tsani suke. Masu gwajin sun ce direban ta Turai mai yiwuwa da ƙafarsa zai fito, na ta Afirka kuwa da wuya ya rayu.